Idan na ci shari'a a kotun Ingila, wa zai biya kuɗin lauyana?

Mai Shago a Bradford ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman bayani daga 'yan'uwa masana shari'a da ke wannan zaure, musamman waɗanda suka san yadda kotunan Ingila suke aiki. Ina da ƙaramin kamfani da ke sayar da kayan abinci ga gidajen abinci da shaguna, kuma akwai wani kamfani da ya karɓi kayana na kimanin fam 60,000 ya ƙi biya, yana cewa wasu daga cikin kayan sun iso masa a lalace, alhali takardun karɓar kaya da ma'aikatansa suka sa wa hannu suna wurina. Bayan an yi ta rubuce-rubuce ba a daidaita ba, sai na je wurin lauya da niyyar shigar da ƙara.

Abin da na daɗe ina ji shi ne, a wannan ƙasa wanda ya faɗi a shari'a shi ke biyan ɗawainiyar wanda ya yi nasara, saboda haka na ɗauka cewa duk abin da na kashe zai dawo mini muddin gaskiya tana gefena. Amma lauyan ya aiko mini da doguwar wasiƙa yana bayyana cewa tun watan Oktoba na 2023 doka ta canza, cewa a shari'a irin tawa akwai ƙayyadadden adadin da kotu za ta umarci abokin shari'ata ya biya, kuma idan lissafin aikinsa ya zarce wannan adadi, ni ne zan cike giɓin daga aljihuna ko da na yi nasara. Ya ƙara da cewa yana lissafa aikinsa ne da sa'a, kuma kowace wasiƙa ko kiran waya akwai kuɗinta.

Tambayoyina su ne: shin wannan bayani haka yake a doka? Idan haka ne, mene ne dalilin da ya sa aka yi gyaran da zai bar mai gaskiya da asara? Sannan idan lissafin lauyana ya zo na ga ya yi yawa, akwai wanda ke da ikon dubawa ya rage, ko kuwa dole ne in biya duk abin da aka rubuta? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Lauya a Leeds ta amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da lauyanka ya rubuta maka daidai ne, kuma ya kyauta da ya faɗa maka tun kafin a shiga kotu. Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne, lissafi biyu ne a kowace shari'a. Akwai abin da ke tsakaninka da lauyanka, wanda yarjejeniyar da kuka sa wa hannu ce ke tafiyar da shi, akwai kuma abin da kotu za ta umarci wanda ya faɗi ya mayar maka. Ko a da ɗin ma waɗannan biyu ba su cika zuwa daidai ba, domin kotu takan zaftare wani kaso idan ta zo tantancewa. Kusan duk gyare-gyaren da aka yi a Ingila da Wales cikin shekarun nan sun shafi lissafi na biyu ne, na farkon kuwa an bar shi ga ciniki tsakanin lauya da mai ɗaukarsa.

Dalilin gyaran yana da tarihi. A watan Afrilu na 1999 aka fara aiki da sababbin ƙa'idojin shari'ar madani, wato shari'ar da ba ta aikata laifi ba, bisa rahoton Mai Shari'a Woolf, da nufin rage jinkiri da tsada. An samu sauƙi wajen jinkiri, amma tsada ta ƙaru, saboda an tura aiki mai yawa zuwa farkon shari'a, kafin ma a san ko za a sasanta. Bayan haka, daga shekarar 2000, doka ta ba da damar cewa idan lauya ya ɗauki shari'a bisa sharaɗin ba zai karɓi komai ba sai an yi nasara, to ƙarin ladan nasararsa, wanda kan iya kai daidai da kuɗin aikinsa, da kuɗin inshorar da mai ƙara ya saya don kare kansa, duka wanda ya faɗi ne zai biya. Sakamakon haka mai ƙara ba shi da wani dalilin damuwa da yawan abin da lauyansa ke rubutawa, tunda ko ya ci ko ya faɗi ba daga aljihunsa za a cire ba. Aka wayi gari ana samun shari'o'in da kuɗin lauyoyi ya ninka abin da ake jayayya a kansa. Har Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke hukunci a watan Janairu na 2011, a ƙarar da kamfanin jaridar Mirror ya kai kan shari'arsa da Naomi Campbell, cewa tilasta wa jaridar biyan irin wannan ladan nasara ya tauye 'yancin faɗin albarkacin baki.

Wannan yanayi ne ya sa a ƙarshen 2008 aka ɗora wa Mai Shari'a Rupert Jackson na Kotun Ɗaukaka Ƙara aikin binciken tsadar shari'a, kuma rahotonsa na ƙarshe ya fito a watan Janairu na 2010. Yawancin shawarwarinsa sun fara aiki ranar 1 ga Afrilu, 2013. An daina ɗora ladan nasara da kuɗin inshora a kan wanda ya faɗi a mafi yawan shari'o'i, an ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan diyyar raɗaɗi da wahala don rage wa masu ƙara nauyin, an kuma kawo tsarin kasafin kuɗin shari'a da sabon ma'aunin daidaito tsakanin abin da aka kashe da abin da ake nema.

Ɓangaren da ya shafe ka kai tsaye ya zo ne daga baya. Jackson ya daɗe yana ganin cewa hanya mafi inganci ta hana almubazzaranci ita ce a rubuta adadi tun farko kowa ya sani, kamar yadda Jamus ke yi, inda doka ta tsara kuɗin da za a mayar gwargwadon girman abin da ake nema. A 2016 ya ba da shawarar a yi haka ga ƙararraki har zuwa fam 250,000, lauyoyi suka yi ca a kai, sai ya sassauto a ƙarin rahotonsa na watan Yuli na 2017. Abin da ya zama doka ranar 1 ga Oktoba, 2023 shi ne: ƙayyadadden kuɗi ya shafi kusan dukkan ƙararrakin da ba su wuce fam 25,000 ba, sannan aka buɗe wani sabon rukuni na tsaka-tsaki ga ƙararrakin da ke tsakanin fam 25,000 da fam 100,000, matuƙar ana sa ran zaman sauraron ba zai wuce kwana 3 ba, kuma ƙwararrun da za su ba da shaida da baki ba za su wuce 2 ga kowane ɓangare ba. Ga dukkan alamu ƙararka nan za ta faɗa. Ƙananan ƙararraki da ba su wuce fam 10,000 ba suna da nasu rukunin tun da daɗewa, kuma a can galibi ba a mayar da kuɗin lauya ko kaɗan.

A cikin rukunin na tsaka-tsaki akwai matakai 4 na sarƙaƙiya. Alƙali ne ke sanya shari'a a mataki, bayan ya ji ra'ayin ɓangarorin biyu, kuma kowane mataki yana da jadawalin da ya nuna nawa za a mayar idan an sasanta kafin a shigar da kariya, nawa idan an kai ga musayar takardu da bayanan shaidu, nawa idan an kai ga zaman sauraro. Bashin da babu wata doguwar jayayya a kansa yakan faɗa mataki na 1, wanda kuɗinsa ya fi ƙanƙanta, amma tunda su suna da'awar lalacewar kaya, akwai hujjar neman mataki na sama da haka. Wannan ne wurin da ya kamata lauyanka ya mai da hankali tun daga farko, domin bambancin mataki ɗaya dubban fam ne. Kuɗin shigar da ƙara, wanda a ƙara irin taka kashi 5 cikin ɗari ne na abin da ake nema, wato fam 3,000, shi ana mayar da shi daban idan ka yi nasara.

A ganina, gyaran yana da fa'idar da masu ƙara ba su cika lura da ita ba sai sun faɗi. Iyakar da ta hana ka karɓo duk abin da ka kashe, ita ce kuma za ta kare ka idan hukunci bai zo yadda kake so ba. Da a ce kamfanin da kake ƙara ya ɗauko manyan lauyoyi daga Landan ya kashe abin da ya fi bashin yawa, ba zai iya juye maka wannan nauyi ba. Tun yau za ka iya sanin mafi munin abin da zai same ka, kuma ɗan kasuwa ya fi kowa sanin darajar wannan.

Mai Tsara Lissafin Shari'a ya amsa:

Barista ta yi bayani mai gamsarwa, kuma ban da abin gyarawa a tarihin da ta kawo. Aikina shi ne tsara takardun lissafin kuɗin shari'a da kare su ko ƙalubalantarsu a gaban alƙalan tantancewa, don haka zan ƙara bayani kan abin da ke faruwa idan shari'a ba ta cikin tsarin ƙayyadadden kuɗi, domin Alhaji ya ga abin da aka guje wa, sannan in faɗi inda na saɓa da ita.

A manyan shari'o'i da ba su kai fam miliyan 10 ba, kowane ɓangare yana gabatar da kasafi a kan wani fom da ake kira Precedent H, wanda ke rarraba aikin kashi-kashi: shirya ƙara, bayyana takardu, bayanan shaidu, rahoton ƙwararru, shirin zaman sauraro, da zaman kansa. Alƙali yana amincewa da adadi ga kowane kashi, kuma idan an gama shari'a ba za a kauce wa wannan adadi ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili. An ɗauki lamarin da zafi tun farko. A 2013, lauyoyin Andrew Mitchell, ɗan majalisar da ya kai jaridar The Sun ƙara kan ɓata suna, sun makara wajen gabatar da kasafinsu na sama da fam 500,000, sai aka yanke cewa ko ya yi nasara kuɗin kotu kaɗai za a mayar masa, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin. Tsoron da wannan ya jefa a zukatan lauyoyi ya haifar da gardandami marasa amfani a kan kowace 'yar makara, har sai da kotun ta sassauta ma'aunin a shari'ar Denton a 2014.

Idan an kammala, wanda ya yi nasara yana da wata 3 ya miƙa cikakken lissafinsa, ɗaya ɓangaren kuma yana da kwana 21 ya rubuto wuraren da bai yarda da su ba. Daga ranar 6 ga Afrilu, 2018, a yawancin manyan shari'o'i lissafin ya koma na kwamfuta, a jadawalin da ke haɗa jimilla da kansa, inda kowane aiki yake da kashinsa da nau'insa da sunan wanda ya yi shi da mintocin da ya ɗauka. Kafin wannan, takardar lissafi doguwar ƙissa ce da ke bin kwanan wata, ta yadda alƙali ba zai iya gane nawa aka kashe a kan bayanan shaidu kaɗai ba sai ya ɗauki alƙalami ya tattara da kansa. Yanzu idan ya rage kuɗin sa'a na wani lauya, jimillar tana sauyawa nan take. Lissafin da bai wuce fam 75,000 ba ana fara tantance shi ne a takarda ba tare da zama ba, kuma wanda ya nemi a zauna bayan haka, idan bai samu sauyin da ya kai kashi 20 cikin ɗari ba, shi zai biya ɗawainiyar zaman.

Abin da ya fi wahalar hasashe shi ne ma'aunin daidaito. Tun 2013, ko da aikin ya zama dole kuma kuɗinsa bai wuce hankali ba, alƙali na iya rage shi idan ya ga jimillar ta yi wa shari'ar girma. Misalin da muka fi ambata shi ne na mawaƙi Brian May, wanda ya sasanta wata ƙara da maƙwabcinsa a kan fam 25,000, lissafin lauyoyinsa kuwa ya haura fam 200,000. Alƙalin tantancewa ya bi shi ɗaya bayan ɗaya ya mayar da shi ƙasa da fam 100,000 kaɗan, sannan ya sake sare shi zuwa fam 35,000 da sunan daidaito. Da aka ɗaukaka ƙara, aka mayar da shi fam 75,000. Takarda ɗaya ce, amma alƙalai biyu suka ba da adadin da ɗaya ya ninka ɗaya har da ƙari, kuma irin wannan rashin tabbas ne ya ƙarfafa hujjar masu son ƙayyadewa.

Inda nake da ja shi ne maganar cewa iyakar tana kare ɓangarorin biyu daidai wa daida. Babban kamfani da ke da ɗaruruwan ƙararraki a shekara yana iya ciniki da lauyoyinsa su yi masa aiki a farashi mai rahusa, kuma idan ya kashe fiye da abin da za a mayar masa bai dame shi ba. Zai iya jan shari'a, ya yi ta aiko da wasiƙu da buƙatu, yana sane da cewa kowace amsa tana ƙara faɗin giɓin da ƙaramin ɗan kasuwa zai cike. Gaskiya ne ƙa'idojin sun ba alƙali ikon ƙara ko rage kashi 50 cikin ɗari na ƙayyadadden kuɗin idan wani ɓangare ya yi halin da bai dace ba, amma tabbatar da hakan ba abu ne mai sauƙi ba, domin mai wayo yakan tsaya a bakin iyaka. Gyaran ya taƙaita abin da ake karɓa daga abokin shari'a, bai taƙaita yawan aikin da shari'ar ke buƙata ba, bai kuma taɓa farashin sa'ar lauya ba. Jadawalin farashin sa'a da kotuna ke dubawa ya tsaya cak daga 2010 har zuwa Oktoba na 2021, lokacin da aka ɗaga na manyan lauyoyin kasuwanci na Landan zuwa fam 512, amma shi ma jagora ne ga alƙali kawai, bai hana lauya ya nemi fiye da haka daga wanda ya ɗauke shi ba.

Barista daga Kano ya amsa:

Na karanta bayanan abokan aikina da sha'awa, domin dokokinmu na wannan fanni daga Ingila muka gaje su, amma mun bi wata hanya dabam. Ina ganin kwatancin zai amfani Alhaji, tunda da yawa daga cikinmu suna da harka a ƙasashen biyu.

A manyan kotunan Najeriya ma ƙa'idar ita ce ɗawainiya tana bin nasara, sai dai adadin yana hannun alƙali, kuma abin da aka saba bayarwa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da abin da mutum ya kashe cikin shekarun da ya yi yana zirga-zirga. Game da neman a mayar da kuɗin lauya kuwa, hukunce-hukuncen sun sha bamban. A shari'ar Guinness da Nwoke a shekarar 2000, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ɗora wa abokin shari'a kuɗin lauyanka ya saɓa wa ɗa'ar aiki da maslahar jama'a, Kotun Ƙoli ma ta bi wannan ra'ayi a shari'ar Nwanji a 2004. Amma a 2014, a shari'ar bankin Union da Chimaeze, Kotun Ƙolin ta amince da kuɗin lauya a matsayin asara ta musamman, saboda an roƙe shi a takardar ƙara an kuma kawo shaidarsa. Har yanzu lauyoyi suna kafa hujja da ɓangarorin biyu, kuma wanda ke shirin shiga kotu ba shi da jadawalin da zai duba ya san abin da zai dawo masa.

Gyaran da aka yi a nan Najeriya ya fuskanci wata matsala ce ta daban. Dokar kuɗin aikin lauyoyi ta 2023, wadda ta maye gurbin ta 1991, ta tsara mafi ƙarancin abin da lauya zai karɓa, gwargwadon shekarunsa a aiki da kuma jihar da yake, inda aka raba jihohi rukuni 3, Legas da Abuja suna rukunin da ya fi tsada. Manufarta ita ce hana lauyoyi karya wa juna farashi, musamman don kare matasa masu tasowa. Ke nan Ingila ta sa iyaka daga sama a kan abin da wanda ya faɗi zai biya, mu kuma mun sa iyaka daga ƙasa a kan abin da lauya zai karɓa. Ina goyon bayan a kare lauyoyi daga wulaƙancin farashi, amma ina ganin mun bar babban aikin, domin muddin jan shari'a bai jawo wa mai jan ta wata asara ta gaske ba, wanda ake bi bashi zai ci gaba da gwammace kotu a kan biya.

Abu ɗaya da muke da shi wanda mutane ba su sani ba: a ƙarƙashin dokar lauyoyi, lauya ba zai iya kai wanda ya yi wa aiki ƙara kan kuɗinsa ba sai ya miƙa masa takardar lissafi mai ɗauke da bayanin manyan ayyukan da ya yi, kuma wata guda ya cika. Shi ma mutumin yana da damar roƙon kotu ta sa a tantance takardar. Na tabbata Ingila tana da makamancin wannan, Barista za ta fi ni bayani.

Mai Shago a Bradford ya sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Yanzu na fahimci cewa giɓin da lauyana ya ambata gaskiya ne, kuma ba laifinsa ba ne. Amma maganar Malam mai tsara lissafi ta tayar mini da hankali, domin kamfanin da nake bi bashi ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma tun yanzu na ga alamar suna son a ja lokaci. Ranki ya daɗe Barista, mene ne zan iya yi tun yanzu don giɓin ya ragu, kuma ina jiran amsar tambayata ta ƙarshe game da wanda zai duba lissafin lauyana idan na ga ya yi yawa.

Lauya a Leeds ta sake amsawa:

Alhaji, damuwarka tana kan hanya, kuma na yarda da Malam cewa mai ƙarfi yana iya amfani da giɓin a matsayin makami. Sai dai ƙa'idojin sun ba ka abin da za ka mayar da martani da shi, wato tayin sasantawa a ƙarƙashin kashi na 36 na ƙa'idojin shari'ar madani. Za ka rubuta musu a hukumance cewa za ka karɓi wani adadi, a ce ƙasa da bashin kaɗan, ka ba su aƙalla kwana 21. Idan suka ƙi, aka je gaban alƙali ka samu daidai da abin da ka nema a tayin ko fiye, to za a ƙara maka kashi 10 cikin ɗari a kan kuɗin da aka yanke, sannan a ƙara kashi 35 cikin ɗari a kan ƙayyadadden kuɗin matakan da aka bi bayan wa'adin tayin ya ƙare. Tun daga ranar da tayin ya isa gare su, kowane jinkiri yana da farashi a wurinsu. Ka sani kuma su ma za su iya yi maka irin wannan tayi, kuma idan ka ƙi shi sannan ka kasa samun abin da ya fi shi, kai za ka ɗauki ɗawainiyarsu daga ƙarshen wa'adin. Don haka duk tayin da ya zo daga gare su, ka zauna da lauyanka ku auna shi da natsuwa. Haka nan kada ka yi watsi da kiran sulhu ta hannun mai shiga tsakani, domin tun hukuncin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a shari'ar Churchill a watan Nuwamba na 2023 kotu tana da ikon umartar ɓangarori su gwada sulhu, kuma ƙin yin haka ba tare da dalili ba yana iya shafar kuɗin da za a mayar maka.

Tsakaninka da lauyanka kuwa, lokacin ciniki shi ne yanzu, kafin ka sa hannu. Ka roƙe shi ya rubuta maka, mataki bayan mataki, ƙiyasin abin da zai nema a gefe guda, da abin da jadawalin kotu zai mayar a ɗaya gefen, domin ka ga giɓin da idonka. Ka tambaye shi ko zai yarda da tsayayyen farashi ga kowane mataki maimakon lissafin sa'a, ko ya sa iyakar da ba zai wuce ba sai da izininka a rubuce. Ka tambayi wane ne zai riƙa yin aikin yau da kullum, domin galibi ana lissafa lokaci ne da minti shida-shida, kuma bai kamata a biya farashin babban lauya a kan aikin da ƙarami zai iya yi ba. Kai ma za ka rage kuɗin idan ka tsara takardunka bisa kwanan wata, ka kuma tara tambayoyinka a saƙo ɗaya.

Idan lissafi ya zo ba ka gamsu ba, dokar lauyoyi ta 1974 ta ba ka damar neman kotu ta tantance shi, kamar yadda Barista na Kano ya yi hasashe. Idan ka nema cikin wata guda da karɓar takardar, haƙƙinka ne kotu ta ba da umarnin. Bayan wata guda sai yadda alƙali ya gani, idan ka riga ka biya ko shekara ta wuce sai da dalili na musamman, idan kuma shekara ta cika da biyan, ƙofar ta rufe. Akwai haɗari a ciki: idan ba a rage lissafin da kashi ɗaya cikin biyar ba, galibi kai za ka biya ɗawainiyar tantancewar. Saboda haka ga ƙaramin saɓani ya fi sauƙi ka fara kai koke ga ofishin lauyan a rubuce, wanda ke da mako 8 ya amsa, idan ba ka gamsu ba ka wuce ofishin sauraron koke-koke kan ayyukan lauyoyi, wanda kyauta ne kuma yana karɓar koke daga ɗaiɗaikun mutane da ƙananan kamfanoni sosai.

Kafin duk wannan, ka sa lauyanka ya duba bayanan kuɗin kamfanin a rajistar kamfanoni ta ƙasa, ya kuma duba ko akwai wasu hukunce-hukuncen bashi da aka yanke a kansu ba su biya ba. Idan kamfanin yana dab da durƙushewa, hukuncin kotu ba zai fitar da kuɗin da babu ba, kuma a wannan hali karɓar wani kaso yanzu ta hanyar sulhu zai fi maka amfani a kan shari'ar da za ta kai ku shekara mai zuwa.